ZAƁEN MASAƘAR FARKO: JAWABI GA ƳAN'UWA MAZAMNA LAZARE

Jawabin da anka yi wurin taron ƙungiya na wata. Mun buga shi domin waɗanda ba su samu zuwa ba, da kuma mutanen gida.

Maganar saƙa gaban tsofaffin da sunka tashi cikin gidan masaƙa abu ne mai nauyi. Inda munka karkace, a miƙar da mu.

Ga dalilin wanga jawabi. Cikin watannin nan, ƴan'uwa da dama sun tambaye mu bisa wata ƙaramar masaƙa wadda ake ɗorawa bisa tabur, wadda sunka gani cikin wayar salula. Akwai mata masu son abin yi bayan aikin gida, akwai dattawan da sunka aje aikin gwamnati, akwai samari masu jiran sakamakon jarrabawa. Ba sana'a suke nema ba tukuna, sha'awa ce da gudun zaman banza. Wasu har sun yi niyyar roƙon ɗan'uwa da ke ƙasar waje shi aiko masu da ita. To, kuɗɗi ne za su fita, kuma kuɗɗi ba su da sauƙin samu. Shi ya sa munka ga ya kamata a zamna a yi shawara tun ba a kwance bakin aljihu ba.

Amsarmu a taƙaice ita ce: masaƙa ita ce abin saye na ƙarshe. Mutum shi fara sanin tufar da shike so, da zaren da ke kasuwarshi, da wurin da za shi aje kayan, da wanda za shi koya mashi. In ya san waɗanga huɗu, masaƙar da ta dace da shi za ta nuna kanta. Za mu raba magana kashi huɗu: abin da munka gada, ire-iren ƙananan masaƙu, tambayoyin da mai saye za shi yi ma kanshi, sannan shawara ga ƙungiya.

NA FARKO: ABIN DA MUNKA GADA

Saƙa ba baƙuwa ba ce gare mu. Dattawan da ke nan sun ga lokacin da mace ke gurza kaɗa, wadda wasu ke ce ma auduga, ta shiɓe ta, ta ɗauki mazari ta yi kaɗi, namiji kuma shi yi wadari da rani bayan an kai amfanin gona rumbu. Masaƙi shi zamna ƙarƙashin rumfa, ƙafafunshi na taka matakai, allera biyu na hawa da sauka, ƙoshiya na kai da kawo, zaren tsaye ya miƙe can nesa an ɗaure shi ga kunkuru mai dutse bisa, shina matsowa kaɗan kaɗan. Abin da ke fitowa ɗan siriri ne, sau da yawa bai wuce faɗin tafin hannu ba. Da shi ne anka ɗinka gwado da luru da sakala da babbar riga.

Mata ma suna da tasu masaƙa a ƙasar Hausa, ta tsaye, wadda ake jinginawa ga bango cikin gida. Ba ta da matakai, da hannu ake ɗaga zare, amma tufarta ta fi ta maza faɗi nesa ba kusa ba.

Wagga sana'a ta ciyar da birane. Baturen nan na Jamus mai yawon buɗe ido, Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa tufar da ake saƙawa a rina a can tana kaiwa Tumbutu da Murzuk da Gat har Tarabulus. Garin Kura kusa da Kano ya yi suna da turkuɗi, wanda faɗin saƙarshi bai fi yatsa ba, kuma shi ne Buzayen ƙasarmu ke naɗawa. Nan Yamai kuma, maƙwabtanmu Zabarmawa suna da tera-tera ta gidan amarya. Wanda ke son gani da idonshi shi tafi gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda kowa ya sani da Mize, da anka buɗe a 1959. Akwai masu aikin hannu cikinshi, har da masaƙa.

Mi ya sa munka kawo wanga tarihi? Domin darasi biyu. Na ɗaya, kakanninmu sun tufatar da ƙasa da itace da igiya da dutse, saboda haka tsadar masaƙa ba ita ke yin tufa ba. Na biyu, sun nuna mana cewa ƙarancin faɗi ba aibi ba ne, tunda allura na haɗa abin da masaƙa ta raba. Ku riƙe wanga na biyu, za mu komo gare shi.

Akwai kuma wata magana da ba za mu tsallake ba. Wasu na cewa saƙa aikin wasu gidaje ne kawai, ɗan wane ba shi taɓa ƙoshiya. Mun san inda wagga al'ada ta fito, kuma ba mu zo yin gardama da kowa ba. Amma a garuruwanmu manomi ne ke saƙa da rani, malami ma ya yi ta, ba ta rage ma kowa daraja ba. Abin kunya shi ne hannu biyu lafiyayyu suna kwance bisa cinya tun safe har magariba.

NA BIYU: IRE-IREN ƘANANAN MASAƘU

Kowace masaƙa aiki biyu take yi. Tana riƙe zaren tsaye a miƙe, tana kuma buɗe mashi baki domin zaren kwance shi ratsa. Bambancinsu yana ga yadda suke buɗe bakin. Na bisa tabur iri uku ne.

Ta ɗaya, mai ƙusoshi. Katako huɗu ne anka haɗa kamar allon hoto, misali santimetir 30 bisa 40, anka jera ƙananan ƙusoshi sama da ƙasa. Ana zagaya zare daga ƙusa zuwa ƙusa, a ratsa na kwance da doguwar allura ko ɗan faifayen icce. Kowane mai aikin katako na iya yin ta da guntayen da sunka rage mashi, ko a sayi kayan a kasuwar Katako a haɗa a gida. Iyakarta ita ce tufar ba ta wuce tsawon katakon, kuma aikin shina da jinkiri. Amma a nan ne hannu ke koyon abin da ya fi komi wuya cikin saƙa, wato daidaita gefe, kada shi tsuke kada shi saki.

Ta biyu, mai matsefi ɗaya. Ita ce mafi yawanku kunka gani cikin waya. Tana da gungume biyu masu juyawa, na baya shina ɗauke da zaren tsaye a naɗe, na gaba shina naɗe tufar da anka saƙa. Tsakaninsu akwai wani matsefi mai tsaga da huda, tsaga da huda, har ƙarshe. Zare ɗaya shi shiga huda, na kusa da shi shi shiga tsaga. In anka ɗaga matsefi, zaren cikin huda shi hau, na cikin tsaga shi tsaya inda shike, baki ya buɗe ke nan. In anka danna shi ƙasa, ɗayan bakin shi buɗe. Da shi kuma ake buga zaren kwance shi zamna. Abu guda ke nan shina aikin allera da na matsefin masaƙinmu gaba ɗaya. Tunda zaren a naɗe shike, ana iya saƙa metir biyu ko uku bisa ɗan tabur guda, kuma wadarinta ba shi wuce awa ɗaya ko biyu ga wanda ya saba. Saƙar da take yi ita ce ta ɗaya-sama-ɗaya-ƙasa, irin ta zugu da saƙi. Kada a raina ta, domin ratsi da dara-dara duk daga launin zare suke fitowa, ba daga yawan ƙarafa ba.

Ta uku, mai allera huɗu ko takwas. Kowace allera tana da ɗan hannu da ake dannawa. Da ita ake fitar da saƙa mai karkataccen layi irin ta wandon jin, da zane-zane masu yawa. Tana da kyau ƙwarai, amma kowane zare sai an zura shi cikin idon allera ɗaya bayan ɗaya bisa tsari, sannan a sake zura shi cikin matsefi. Kuskure ɗaya shina bin tufar tun daga farko har ƙarshe. Ga nauyi, ga tsada. Bugu da ƙari, tunda da hannu ake canza allera, sai an aje ƙoshiya kowane jefi, saboda haka ba ta kama ƙafar masaƙin Mize wajen sauri.

Kamfanonin da sunka yi suna wajen ƙera waɗanga duk na nesa ne: Ashford a Niyu Zilan, Schacht a Amurka, Leclerc a Kanada, Louët a Holan. Mai matsefi ɗaya ta Ashford tana zuwa da faɗin santimetir 40, 60, 80 ko 120. Sabuwa mai santimetir 40 takan wuce euro 200 a Turai. Euro ɗaya faran 656 ne, ke nan sama da jikka 130, ba a sa kuɗɗin ɗauko ta da na duwan ba. Ku tuna mafi ƙarancin albashi a ƙasarmu tun 2024 jikka 42 ne. Albashin wata uku ke nan da ɗoriya. Mai allera huɗu kuwa takan ninka wannan sau uku ko fiye.

Kafin mu wuce, akwai wata da za ku ji labarinta, ko da shike ba ta tabur ba ce: masaƙar ƙarfe mai matakai ta matan Burkina Faso, wadda masu walda ke ƙerawa. Da ita ake yin Faso Dan Fani, tufar da Thomas Sankara ya ɗaukaka lokacin mulkinshi, daga 1983 zuwa 1987, har ya sa ma'aikata sanya ta. Wagga ta mai neman abinci ce, tana da sauri, amma tana son fili kamar ta kakanninmu. A aje ta a rai domin gaba.

NA UKU: TAMBAYOYI HUƊU

Tambaya ta ɗaya: mi nike so in saƙa? Kada a amsa da cewa komi da komi. A faɗi abu guda: majanyin goyo, mayafin wuya na hunturu, rigar matashin kai, jakar littattafan ɗan lakkol, shimfiɗar tabur. Duk waɗanga ba su wuce santimetir 40 a faɗi ba. Nan ne mutane ke ruɗuwa, su ce gara a sayi babba tun farko kada a yi saye biyu. Babbar tana son dogon hannu, tana cinye zare mai yawa kowane gwaji, kuma daidaita ƙarfin zare ɗari uku ya fi na ɗari wuya. Ku tuna darasin kakanni. Matsefi mai santimetir 40 shina ba da tufa ta wajen 36, domin saƙa tana tsukewa. A saƙa uku a kai ma tela shi haɗa, an samu 108, kusan faɗin zane ke nan. Wanda danginshi sunka ɗinka babbar riga da saƙa mai faɗin tafin hannu ba shi da hujjar kukan santimetir 40.

Tambaya ta biyu: wane zare ne ke kusa da ni? Wagga ita ce uwar tambayoyi. Kowane matsefi shina da lamba. In kun ga 30/10, ma'anarta zare 30 cikin santimetir 10, wato 3 cikin kowane santimetir. Akwai 20/10, 40/10, 50/10 har 60/10. Na waje sau da yawa suna zuwa da 30/10, domin an yi su ne saboda kakkauran ulun ƙasashen sanyi. In kun sa siririn zaren kaɗa cikin irin wanga matsefi, abin da za shi fito ya fi kama da gidan sauro. Mun san gidan da anka aiko ma masaƙa mai tsada daga Turai, kyauta ce ta ɗa ga mahaifiyarshi, amma matsefinta bai dace da zaren da ke kasuwa ba, kuma ba a samu wani a nan ba. Tana bisa kabad cikin kwalinta.

Ga yadda ake gwaji, kuma kowane ɗan aji huɗu na iya yi maku. A ɗauki ma'aunin santimetir na ƴan lakkol, a naɗa zaren bisanshi, zagaye na taɓa zagaye ba tare da hawa juna ba, har a rufe santimetir 2. A ƙirga. In an samu 16, ke nan 8 cikin santimetir guda. A raba biyu, domin rabin wuri na zaren kwance ne. Ya zama 4. Wanga zare matsefin 40/10 shike so. Saboda haka a fara zuwa Babbar Kasuwa ko Wadata a sawo ƙullin zare guda, a gwada shi, sannan a yi maganar masaƙa.

Ba kowane zare ne ke iya tsayuwa ba. A kama shi da hannu biyu a ja. In ya yi gardama sannan ya tsinke da ƙara, ya isa zaren tsaye. In ya saɓule a hankali kamar kaɗa, na kwance ne. Abawar da tsofaffinmu mata ke kaɗawa a gida tana da kyau ƙwarai a kwance, tana ba tufa taushi da kauri, amma mai koyo kada shi sa ta a tsaye. Mai launi kuma a jiƙa shi a goga bisa farin ƙyalle. In ya zuba, za shi ɓata aikin sati guda ranar wankin farko.

Bari mu yi lissafin majanyi guda, domin kowa shi san abin da za shi kashe. Muna son faɗi 30, tsawo 150. Saboda tsukewa, sai mu jera 33 cikin matsefi. 33 sau 4, zare 132. Tsawon kowane: 150, a ƙara 15 na abin da saƙa ke cinyewa, a ƙara 50 na ɗauri gaba da baya wanda ba shi saƙuwa, ya kama 215, mu ce metir 2 da 20. 132 sau wannan, wajen metir 290. Na kwance kuma, jefi 4 cikin kowane santimetir, tsawon 165, jefi 660 ke nan, kowane wajen santimetir 36, ya kama kusan metir 240. Jimla 530. A sayi 600, kuma a saye shi rana ɗaya wuri ɗaya, domin launi shikan bambanta daga rini zuwa rini. Wancan 50 na ɗauri asara ce da ba ta canzawa ko aikin gajere ne ko dogo, shi ya sa masu dabara ke yin wadarin majanyi biyu lokaci guda.

Tambaya ta uku: ina zan aje ta? Lazare unguwar baƙi ce tun lokacin da ta karɓi mutanen da fari ya koro a 1973 da 1974, kuma yawancinmu haya muke. Wani ɗaki guda gare shi da iyali, tsakar gida kuwa ta kowa ce, ga yara, ga awaki, ga igiyar shanya. Masaƙar maza ta gado tana son fili mai tsawon taki goma ko fiye, saboda haka ba ta shiga irin gidajenmu. Mai matsefi ɗaya ana rataye ta ga ƙusa da aikin a jikinta. Ta mata ta tsaye kuwa bango kawai take so, ko tabur ba ta nema. Wadda uwarta ko kakarta ta iya wagga, to ta riga ta samu masaƙarta ta farko, ba sai ta duba waya ba. A auna tabur da ƙofa da wurin ratayewa tun kafin saye. A kuma tuna da abokan gaba uku: gara mai cin katako in ya taɓa ƙasa, ƙura mai shiga zare in ba a rufe shi da tsohon zane ba, da rana. Zafin watan Afrilu a Yamai shina wuce digiri 40, matsefin roba in anka bar shi cikin rana shina iya lanƙwasa. Da hunturu kuma zaren kaɗa shina bushewa shi riƙa tsinkewa. A ɗan yayyafa mashi ruwa, ko a bi dabarar tsofaffi ta shafa ma zaren tsaye ruwan kamu shi ƙara ƙarfi.

Tambaya ta huɗu: wa za shi koya mani, wa za shi gyara in ta lalace? Waya tana nuna hannun wani, amma ba ta ganin naka. Ba ta cewa ka ja da yawa, sassauta. Masaƙar da anka ƙera a unguwa, in haƙori ya karye, gobe an gyara. Wadda ta ƙetaro teku, in ɗan makullinta ya karye, sai jiran matafiyi.

NA HUƊU: SHAWARA

Ga tsarin da muke gani ya dace da mai farawa. Wata na farko, mai ƙusoshi. A yi ƴan shimfiɗu huɗu ko biyar na ɗora kwano. Wanda ya gaji tun a nan, ya gane saƙa ba tashi ba ce, kuma bai yi asarar komi ba sai ƴan ƙusoshi. Wanda ya ga hannunshi na ƙaiƙayi, shi wuce ga mai matsefi ɗaya ta santimetir 40. Mai allera huɗu ko ta ƙarfe mai matakai sai bayan shekara, in gefe ya miƙe kuma an san inda anka nufa. Sannu ba ta hana zuwa.

Jikin mai matsefi ɗaya ba shi da wuyar ƙira, mai aikin katako na ƙwarai in ya ga hoto da awo za shi yi. Matsefin ne mai wuya. Ana iya yin shi da siraran faifayen icce da anka huda tsakiya anka goge sumul, amma na hannu da wuya shi wuce zare 2 ko 3 cikin santimetir, sai kakkauran zare. Saboda haka mai ɗan'uwa a waje, maimakon shi roƙi masaƙa sukutum, shi roƙi matsefi biyu kawai, 40/10 da 50/10. Ba su da nauyi, suna shiga akwatin tufafi. In sun iso, a kai ma mai katako shi ƙera jikin daidai da su. Kada a ƙera jiki kafin matsefi shi zo.

Ranar karɓar masaƙa, sabuwa ce ko ta hannu, a duba abu biyar kafin a cika kuɗɗi.

1. A auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ƙetare, sannan ɗaya ɓangaren. In awon bai zo ɗaya ba, a karkace take, tufarta ma haka za ta fito.

2. A ɗaura igiya ga gungume a murɗa da ƙarfi. Haƙoran gefe da ɗan makullinsu su riƙe gam. Wadda ke zamewa ba ta saƙuwa ko a hannun gwani.

3. A shafa ɗan curin kaɗa ko'ina da zare za shi bi. Inda ya maƙale, nan zare za shi tsinke, a sake gogewa.

4. Katakon shi zama busasshe. Ɗanye shina murɗewa da hunturun farko.

5. A haɗa ta da ƙusa mai murɗawa, ba da gam kaɗai ba, domin a iya ɗaure ta in ta saki, a kuma kwance ta ranar ƙaura. In ta hannu ce, a ƙirga kayanta duka, a tabbata matsefin ba shi da karyayyen haƙori.

Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma tsada ma ba ta saƙa.

Mu faɗi gaskiya bisa maganar riba, kada wani shi ce an ruɗe shi. Ƙaramar masaƙa ba za ta yi gasa da atamfar kanti ba. Majanyin da munka lissafa jefi 660 ne, aikin yamma biyu ko uku ga mai koyo, ban da wadari. In anka sa kuɗɗin zare da na lokaci, kasuwa ba za ta biya ba. Ribarta wata iri ce: kyautar suna da ta fito daga hannunka, hankali kwance bayan la'asar, yaro shina kallon abu shina tsiro daga zare, da sanin da za shi zama tsani ga wanda ke son sana'ar da gaske.

Daga ƙarshe, ga roƙonmu uku ga ƙungiya. Na ɗaya, maimakon mutum goma su sayi goma, asusu shi ƙera biyu masu matsefi ɗaya da ƴan masu ƙusoshi, a aje gidan da shugabanni sunka zaɓa, a riƙa aro bisa rubutu, wata guda ga kowa. Na biyu, a sa rana mu tafi Mize da ƙauyen masu aikin hannu na Wadata tare da samari da ƴan mata, mu zamna kusa da masaƙa mu kalli hannunsu, mu gaishe su da abin goro, domin gani ya kori ji. Na uku, kuma shi ya fi damunmu: dattawan da sunka iya wadari a garinmu ana ƙirga su da yatsun hannu, kuma kowace shekara yatsun na raguwa. Duk wanda za shi gida da damina, shi tambayi inda allera da ƙoshiya da matsefin gidansu suke, shi fitar da su daga bakin gara. Shi zamna da tsoho ko tsohuwa, shi rubuta sunan kowane abu da na kowace saƙa, shi kawo mana mu buga cikin wagga takarda. Iyayenmu da ke nan Yamai waɗanda sunka taɓa ƙoshiya da ƙuruciya, muna roƙonku ku ba mu yammacin Lahadi ɗaya cikin wata. Katako muna iya saye, abin da ke cikin hannunku ba a sayar da shi a kasuwa.

Nan za mu dakata, domin a bar lokaci ga tambayoyi da gyaran dattawa. Allah shi sa albarka ga hannuwanmu, shi ba mu damina mai kyau, shi jiƙan magabatanmu da sunka tufatar da mu.